Gidan burodi ya tare a jikin katangarmu, ƙaramar hukuma ta ce mu yi haƙuri

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina da mahaifiyata a wani layi na awon gwamnati a nan cikin Kano, shekara 14 ke nan. Maƙwabcina ya sayar da gidansa, wanda ya saya kuma ya rushe ɗakuna ya mai da shi gidan burodi. Oban ɗinsa na itace ne, an gina shi a jikin katangar ɗakin da Hajiya take kwana, ga ta da ciwon asma. Mako uku ke nan da fara aiki. Janareta da injin kwaɓa fulawa suna tashi tun ƙarfe biyun dare, kafin asuba masu babura da kurkura sun cika layi. Yanzu kuma an sauke bulo za a ƙara oban na biyu. Mu tara muka je sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ce mutumin ya biya kuɗin lasisi, yana da rasidi, ya kuma ɗauki yaran unguwa aiki, don haka mu yi haƙuri. Kansilanmu ma bayansa yake. Matasan layin sun ce in an ba su dama za su toshe ƙofar da dare. Ni dai na rasa inda zan dosa.

Wani magidanci, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Matasan nan za ka fara kira, yau ɗin nan, ka ja musu kunne. Ranar da aka jibge duwatsu a ƙofar gidan burodin ko aka taɓa masa janareta, ranar magana ta juye: shi ya zama mai ƙara, ku waɗanda ake ƙara, a tuhume ku da shiga haƙƙin mutum da ɓarnata dukiya, maganar hayaƙi kuma ta bi ruwa. Ba wanda zai ƙara tambayar inda aka gina oban.

Abin da aka gaya muku a sakatariya ba ƙarya ba ne, sai dai amsar wata tambaya ce da ba ita kuka yi ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da wuraren wanki a hannun ƙananan hukumomi, don haka suna da hurumin karɓar kuɗin lasisi su yanka rasidi. Amma wannan rasidin na sana'a ne. Bai ce komai ba a kan ko fulotin da ake sana'ar a kai an yanka shi don zama ne ko don kasuwanci. Wannan hurumin na jiha ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen cikin birane a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, kuma a jikin kowace takarda akwai layin da aka rubuta abin da aka ba da filin dominsa. Idan an rubuta gidan zama, to gidan zama ne ko sau nawa aka sayar, har sai mai shi ya nemi canjin manufa a ma'aikatar ƙasa an amince masa a rubuce. Saɓa sharuɗɗan takardar yana daga cikin dalilan da sashe na 28 na dokar ya yarda a soke mallaka a kansu. Ciyaman ba zai iya canza wannan layin ba, balle kansila.

Sannan akwai ginin kansa. Rushe ɗakuna a kafa oban da ɗakin inji gini ne sabo, yana buƙatar a kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ta duba ta buga hatimi, abin da magina ke cewa afuruba. Wato takarda uku ake magana, kowacce da ofishinta: ta filin, ta ginin, ta sana'ar. Ku an nuna muku ta ukun ne kawai, wadda ta fi sauƙin samu. Ta huɗu ita ce rajistar NAFDAC da kowane mai burodi ke buƙata, amma ita ruwanta da tsabtar abin da za a ci ne, ba da barcin maƙwabta ba.

Ka ci sa'a da ka ce layinku awon gwamnati ne, domin a nan maganar ta fi ƙarfi. Akwai taswirar awon, kowane fuloti da lambarsa, an nuna inda aka ware wa masallaci da makaranta da shaguna. Da a awon igiya kuke, ko a gidajen gado na cikin badala inda galibi babu takardar da ta ce ga abin da za a yi da wuri, da hujjar canjin manufa ta yi rauni, sai dai a tsaya a kan cutarwa. Akwai kuma abu ɗaya da zai iya rage muku ƙarfi ko a awon gwamnatin: idan gidan yana kallon babban titi. Duk wanda ya san Titin Gidan Zu shekarun baya ya ga yadda gidajen zama suka koma filaza ɗaya bayan ɗaya, kuma hukuma ba ta cika hana canji a irin waɗannan wurare ba. Amma gida a tsakiyar layi, da gidaje ta hagu da dama da baya, ba shi da wannan uzurin.

Saboda haka ɗauko takardar gidanka ka duba lambar taswirar da lambar fulotinka. Ta maƙwabcin ba za ta yi nisa da taka ba. Da waɗannan lambobin za ku rubuta ƙorafi, domin a ofisoshin ƙasa da lamba ake nemo fayil, ba da kwatancen bayan masallaci kusa da mai shayi ba.

Ita takardar ƙorafin, shafi ɗaya ya isa, biyu in ta yi yawa. A rubuta zuwa ga manajan darakta na KNUPDA, a aika kwafi ga kwamishinan ƙasa da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi. A faɗi lambar fuloti, ranar da aka fara rushe ɗakuna, ranar da aka fara gashi, da cewa an sauke bulo don oban na biyu. Sai buƙata uku a fili: a tabbatar muku a rubuce ko an ba da canjin manufa da izinin gini, a turo jami'ai su duba wurin, a dakatar da ƙarin gini kafin a gama bincike. Sai kuma jumla ɗaya da mutane ke mantawa, alhali ita ce mafi tsada a takardar: cewa ku maƙwabta ba ku amince da duk wani canjin manufa a wannan fulotin ba, kuna roƙon a sa wannan takarda a fayil ɗinsa, a kuma saurare ku kafin a yanke. Dalili kuwa, abin da ya fi faruwa shi ne da zarar mai gini ya ji an fara motsi sai ya ruga ya biya tara ya nemi a halatta masa abin da ya riga ya yi. Idan ya riga ku, jami'in da ke duba fayil ba zai ga komai ba sai rasidan biya. Idan kun riga shi, dole duk wanda zai sa hannu ya tsallake takardarku da idonsa, kuma wannan tsallakewar ce lauya zai kama daga baya.

Kowane mai gida ya sa sunansa da lambar gidansa da hannunsa da kansa. Sa hannun mutum tara na gaske da ke zagaye da wurin ya fi na mutum ɗari da aka tattaro a majalisa, waɗanda rabinsu ba a layin suke ba. Lauyan mai burodi sunan bogi ɗaya yake nema ya zubar da sauran. Ku buga kwafi isassu, duk ofishin da kuka kai a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin. Takardar da ba ta da hatimin karɓa kamar ba a kai ta ba ce. Kada ku ba wani ɗan tsakani ya kai muku don ya ce ya san oga, ku je rajista da ƙafarku. Bayan mako biyu in shiru, ku rubuta ta tuni, ku ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani. Kada a rubuta an ci hanci ko an sayi kansila. Ko da haka kuke zato, ba ku da shaida, kuma kalma ɗaya irin wannan ta isa a maka ku kotu da ɓata suna. Haka ma in kun je gidan rediyo: abin da ido ya gani da lambar takarda, shi ke nan.

Kada kuma ku yi fushi da sakatariya ku daina zuwa, ofishin da kuka shiga ne bai dace ba. Masu karɓar haraji aikinsu su tara kuɗin shiga, gidan burodi a wurinsu abokin ciniki ne. Ku nemi sashen lafiya, wurin duba-gari. Su ne ke da ikon shiga wuri su duba hayaƙi da kwata da toka da shara, su ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, in ba a gyara ba su gurfanar da mutum. Rahoton duba-gari da ya ce an jingina oban da katangar ɗakin kwana ya fi duk wani bayani da za ku yi da baki. Haka 'yan kwana-kwana: a rubuta musu su zo su ga itacen da aka tara da man janareta kusa da wuta, a tsakiyar gidajen mutane.

Tun daga daren yau ka sayi littafi mai shafi 40 ka fara rubutu. Kwanan wata, ƙarfe nawa aka tada janareta, ƙarfe nawa aka kashe, yaushe hayaƙi ya shigo, babura nawa suka tare hanya. Ka ɗauki bidiyo daga cikin gidanka, ba ta hanyar leƙa nasa ba. Ka ɗauki hoton katangar ta ɓangarenka kowane mako, da rula ko kwalin ashana a jikin duk tsagar da ta fito don a ga girmanta, domin zafin oban yana busar da filasta ya fasa bulo a hankali, kuma in ba ka da hoton farko za a ce da ma can a tsage take. Ƙa'idojin hayaniya na 2009 da NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ke aiki da su sun sa iyakar ƙara a wuraren zama zalla a ma'aunin desibel 50 da rana, 35 da dare, daren kuma daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Janareta mai jan injin kwaɓa a bayan katanga ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Manhajar awon ƙara ta waya ba za ta tsaya a matsayin awon hukuma ba, amma tana nuna wa jami'i cewa akwai abin da ya kamata ya zo ya auna da na'urarsa.

Yanzu ga tambayar da ya kamata ku taran nan ku zauna ku amsa tsakaninku da Allah: rufewa kuke so, ko barci da iska mai kyau? Na tambaya ne saboda hanyoyin biyu ba tsawonsu ɗaya ba. Mutumin da ya sayi gida ya zuba jari ba zai tashi da takarda ɗaya ba, zai ɗauki lauya, kuma shari'ar fili a babbar kotu tana cin shekaru. Kada rusau ɗin da aka yi a watan Yunin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya sa ku zaci katafila za ta shigo layinku. Waccan magana ce ta filayen gwamnati, ita ma a kotu ta ƙare. Abin da aka fi samu a irin taku shi ne jan fenti a bango da umarnin tsayar da aiki. Wannan zai iya hana oban na biyu, shi ya sa nake ta gaggauta ku, domin bulon da ke ƙasa ya fi sauƙin hanawa a kan oban da aka riga aka hura wa wuta.

A ganina ku riƙe maganar canjin manufa a matsayin sanda, ku zauna sulhu da ita a hannu. Mai burodin ya san takardarsa ba ta cika ba, in dai ba ta cika ba, kuma ya fi ku son a kashe maganar. A nemi mai unguwa ya kira zama, in ya gagara a hau zuwa dagaci ko hakimi, da limamin layin a wurin. Kada a tashi da "in sha Allahu za a gyara". A rubuta sharuɗɗa masu awo da rana: a janye oban daga katangar a bar tazarar da mutum zai iya ratsawa, aƙalla mita ɗaya, ya gina nasa bangon daban; a ɗaga bututun hayaƙi ya zarce rufin da ya fi tsawo a kewaye, ba ya tsaya daidai tagar bene ba; a daina ƙona danyen itace da roba da tsohuwar taya wajen tada wuta, su ne ke kawo baƙin hayaƙin nan mai shaƙe maƙogwaro; a gina wa janareta ɗaki a ɓangaren da ba ɗakin kwana, a ɗora shi kan roba mai kauri don girgizar da ke bin ƙasa, a sa masa salansa mai kyau; a mai da kwaɓi da yamma maimakon tsakar dare; masu ɗaukar burodi su tsaya a bakin layi a kai musu a baro; babu oban na biyu. In yana da hali, komawa oban na gas ko na lantarki yana kashe rabin rigimar, sai dai gas ɗin ma yana da nasa sharaɗin ajiya. Kowane sharaɗi da wa'adinsa, kwana 14 ko 30, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya shaida. Sai a ƙara layi ɗaya: cewa wannan yarjejeniya ba amincewa ba ce da canjin manufar fulotin. In babu wannan layin, gobe takardar sulhunku zai ɗauka ya kai ma'aikata ya ce ga shi maƙwabta sun yarda.

Wani abu da zai iya ba ku kunya a zaman: a cikin ku taran, mutum nawa ne suka fasa katangar gidansu suka fitar da shago? In akwai, ku san da cewa za a jefo muku ita, kuma jami'in da ya zo duba gidan burodi idonsa ba zai rufe a kan sauran layin ba. Shagon sayar da omo da madara ba ɗaya yake da oban mai ci da itace ba, amma a takarda duka canji ne ba izini. Ku sa waɗanda gidajensu ba su da wannan matsala a gaba.

In sulhu ya ƙi, ƙofofin shari'a biyu ne, kuma ba abu ɗaya ake kai musu ba. Maganar takardar mallaka da abin da hukuma ta yi ko ta ƙi yi ta babbar kotun jiha ce. Sashe na 39 na dokar filaye ya keɓe mata shari'ar duk mallakar da gwamna ya bayar. A can lauya zai iya neman umarnin wucin gadi na tsayar da gini, amma alƙali zai tambayi yaushe kuka sani, me kuka yi tun lokacin, kuma za a sa ku ɗauki alkawarin biyan asarar mai burodi in ya tabbata ƙararku ba ta da tushe. Ku sani kuma dokar kare jami'an gwamnati ta taƙaita lokacin ƙarar hukuma zuwa wata uku a mafi yawan lamura, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa kafin a kai su ƙara, don haka a ga lauya da wuri ko da ba a shirya shiga kotu ba. Tun 1991 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar mazauna rukunin gidajen Ire-Akari a Legas da wani kamfanin tireloli da ya addabi layukansu, cewa mutum zai iya kai ƙarar abin da ya dami jama'a da kansa ba sai da izinin babban lauyan gwamnati ba, matuƙar ya nuna cutar da ta same shi. Wannan ne amfanin littafinka da hotunan katanga.

Ɗaya ƙofar ita ce kotun shari'ar Musulunci, in ku duka Musulmi ne, a kan cutar da maƙwabci zalla. Asalin hukuncin hadisin nan ne na babu cuta babu cutarwa, kuma malaman Malikiyya ba su bar maganar a dunƙule ba. Tuhfa ta Ibn Asim, wadda alƙalanmu ke yawan komawa gare ta, ta kawo tanderun gashi da sunansa cikin misalan sabon abin da ake hanawa in cutarsa ga maƙwabci ta tabbata. Ta kuma bambanta: in cutar ta rage ciniki ce kawai, kamar mai tanderu ya buɗe kusa da mai tanderu, ba a hana shi. Ta ce kuma wanda yana nan yana gani ya yi shiru shekara goma, ya rasa bakin magana. Ku mako uku ne, kuma hayaƙi da zafi ne, ba kishin kasuwa ba.

In kuma hukumar ce ta yi ta ja muku rai, takarda biyu uku ba amsa, ku haɗa kwafin duk masu hatimin karɓa ku kai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha. Abin da za ku kai shi ne an ƙi amsa muku, ga ranaku.

Maganar an ɗauki yaran unguwa aiki gaskiya ce, kada ku raina ta, domin iyayen yaran nan maƙwabtanku ne kuma da su za a raba kanku. Ku gaya musu tun yanzu cewa ba abincin kowa kuke nema ku tsare ba, katanga da bututu da lokacin aiki kuke magana.

Ita kuwa Hajiya ba za ta jira hukuma ba. A sauya mata ɗaki a daren nan zuwa wanda ya fi nisa da katangar, ko da kai ne za ka koma nata, a toshe tagar da ke kallon bututun, abin shaƙarta ya kwana kusa da ita. Ka kai ta asibiti cikin makon nan, ka gaya wa likita ranar da aka fara gashin, ka roƙe shi ya rubuta a katinta yadda tashin ciwon yake kafin ranar da kuma bayanta. Kwafin wannan shafin za ka liƙa a bayan takardar da za ku kai KNUPDA.